Murhun Gas na Jin Ɗumi: Yadda Za Ka Kunna Shi, Ka Ji Ɗumi, Ka Kashe Lafiya

Da sanyi ya kankama, tambayar da 'yan'uwa mazauna Amurka da Kanada da Birtaniya suka fi turo min ita ce ta murhun nan na jikin bangon falo. Mutum ya kama haya a Maryland ko Minnesota ko Calgary, ya tarar da rami a bango, an jera gumagumai a ciki kamar za a ɗora tukunyar biki, amma da ya ƙwanƙwasa ɗaya sai ya ji ba itace ba ne, siminti ne ko tangaram aka yi wa fenti. A ƙarƙashinsu kuma bututun gas ne. Wasu sai su shekara biyu ba su kusance shi ba don tsoro. Wasu kuwa su danna duk abin da hannunsu ya kai, in wuta ta tashi shi ke nan. Na biyun nan su suka fi tayar min da hankali. Ga yadda ake yi, kuma a bi shi a jere.

1. Fara gane irin naka

Kada ka tsallake wannan, don duk abin da ke gaba a kansa ya rataya. Murhun iri uku ne, kuma abin da yake daidai a ɗaya yana iya halaka mutum a ɗaya.

Durƙusa ka buɗe 'yar ƙofar ƙarfen da ke ƙasan murhun. Wata janta ake yi, wata ɗagawa. A ciki za ka ga farantin ƙarfe, wani lokacin a ɗaure da 'yar sarƙa, ɗauke da sunan kamfani da lambar samfur da ƙarfin wutar a BTU, wato ma'aunin yawan zafi. Ɗauki hotonsa da waya. Da wannan lambar za ka samo littafin bayanin murhun a intanet kyauta, kuma duk inda littafin ya saɓa da abin da na faɗa a nan, littafin za ka bi.

Idan ka ga an rubuta "vented" kuma gaban murhun a buɗe yake, da raga ko ƙofofin gilashi masu buɗewa, to tsohon murhun itace ne aka jona wa gas. Hayaƙinsa yana bin bututu ya fita ta saman rufi. Shi ya fi kyan wuta, shi ya fi shan gas, kuma mafi yawan zafinsa waje yake tafiya.

Idan "direct vent" ne, gilashinsa a manne yake, babu inda za ka zura hannu. Daga waje yake jawo iskar da yake ci, waje kuma yake mayar da hayaƙi, ta bututu biyu, ɗaya cikin ɗaya. A ganina shi ne mafi kwanciyar hankali a gidan da ake rufe tagogi ruf, amma gilashinsa masifa ne ga yara. Za mu zo wurin.

Idan kuwa "vent-free" ko "unvented" ka gani, ba shi da bututun hayaƙi ko kaɗan. Duk abin da ya ƙona a cikin ɗakinka yake zama.

Gargaɗi: jihar Kalifoniya ta hana irin wannan marar bututu a gidajen zama, a Kanada ma ba a yarda da shi ba, wasu biranen Amurka kuma suna da tasu dokar. Ko inda aka yarda, ba ya wuce BTU 40,000, a ɗakin kwana ba ya wuce 10,000, a banɗaki 6,000. In ka tarar da babba a ɗakin kwana, kar ka kunna.

Duba kuma irin gas ɗin. NG na nufin na bututun gari, LP na nufin furofen, wanda mota ke kawowa ta cika tanki a bayan gida. Ba a jona murhun ɗaya da gas ɗin ɗaya. Na bututun gari bai kai iska nauyi ba, sama yake yi in ya zuba. Furofen ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi ya kwanta, ya gangara ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Shi ya sa mai furofen a dab da ƙasa yake shinshinawa.

2. Ƙararrawa kafin wuta

Duk wanda ya taso a gida ya taɓa jin labarin iyalin da suka kwana da janareta ko kaskon garwashi a rufaffen ɗaki aka wayi gari babu su. Iskar da ta kashe su, kabon monoksayid, ita ce dai murhun gas ke fitarwa idan bai ci da kyau ba. Ba ta da launi, ba ta da wari. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka a Amurka ta ce sama da mutum 400 take kashewa a ƙasar duk shekara, ban da waɗanda gobara ta rutsa da su.

Na'urar ƙararrawarta tana tsakanin dala 20 zuwa 50 a kowane babban kanti. Sa ɗaya a kowane hawa na gidan, ɗaya a bakin ɗakunan kwana, ɗaya kuma a falon da murhun yake, amma ba a jikinsa ba. Danna maɓallin gwaji ka ji ta yi ƙara, ka kira yara su ma su san muryarta: ƙara huɗu, shiru, ƙara huɗu. Ta hayaƙi uku-uku take yi. In kuwa ɗan "cit" guda take yi jifa-jifa, batir ne ya yi sanyi ko wa'adinta ya cika.

Kuskuren da aka fi yi: ganin farar na'ura a silin sai a ɗauka an gama. Sau da yawa ta hayaƙi ce kawai. Sauke ta ka juya bayanta ka karanta. A nan ne kuma za ka ga shekarar da aka ƙera ta, don tana mutuwa bayan shekara 5 zuwa 10 ko da fitilarta na ci.

3. Bari ƙwararre ya fara gani

Murhun da ba ka san ranar da aka duba shi ba, a duba shi kafin ka kunna, sannan sau ɗaya duk shekara. A Amurka nemi mai shaidar NFI, cibiyar da ke tantance masu aikin murhu, in kuma akwai bututun hayaƙi a sama, mai shaidar CSIA, wadda ke tantance masu duba bututun hayaƙi. Galibi aikin yana cin dala 100 zuwa 250, ya danganta da gari. Zai gwada yoyon gas, ya share kan wutar, ya duba igiyar da ke zagaye da gilashi, ya leƙa bututu ko tsuntsu ya yi sheƙa, ya auna iskar da ke fita.

In haya kake, rubuta wa mai gida ka tambaye shi ranar dubawa ta ƙarshe, kuma a rubuce, ba da baki ba. A Birtaniya doka ce ta wajabta masa duba kayan gas duk wata 12 ya ba ka takarda, kuma mai rajistar Gas Safe, wato rajistar hukuma ta masu aikin gas, shi kaɗai ke taɓa gas. Tambayi katinsa, ba rashin kunya ba ne. A Ingila, tun 1 ga Oktoban 2022, sa ƙararrawar kabon monoksayid a ɗakin da ke da irin wannan murhu ma nauyin mai gida ne.

Gargaɗi: "akwai wani ɗan'uwa da ya iya gyare-gyare" ba ta aiki a nan. A bar shi ya gyara famfo.

4. Kafin hannunka ya kai ga maɓalli

Shinshina tukuna. Gas ba shi da wari na kansa, kamfani ne ke zuba masa wani sinadari mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. In ka ji shi, tsallaka zuwa mataki na 9 nan take.

Janye komai aƙalla mita ɗaya daga gaban murhun: kujera, labule, darduma, filo, kayan wasan yara, takardu. Haska tocila ka ga gumaguman suna zaune yadda hoton littafin ya nuna. Wannan ba maganar ado ba ce. Kowane gungume yana da 'yar ƙusa ko gurbin da yake zama, an tsara su ne yadda harshen wuta zai ratsa tsakaninsu. Idan yaro ya ture ɗaya, ko uwargida ta sake jera su don su fi kyau, wuta ta riƙa dukan gungumen kai tsaye, sai ta fara baƙin hayaƙi da iska mai guba.

Daga nan kowa ya bi nasa:

Mai bututu a sama: leƙa saman ramin da tocila, za ka ga murfin ƙarfe mai hannu ko sarƙa. Buɗe shi gaba ɗaya. Ya kamata a ce akwai ɗan ƙarfen da aka ɗaure masa don kar ya taɓa rufuwa ruf. In babu, faɗa wa mai gyara. Don ka tabbatar yana ja, bayan ka san babu warin gas, kunna turaren tsinke ka riƙe a bakin ramin. Hayaƙin ya haye sama. In ya dawo falo, akwai toshewa, ko kuma fankar zuƙe hayaƙi ta kicin tana jawo iska ta baya, kashe ta ka sake gwadawa. Ƙofofin gilashin irin wannan murhu a buɗe suke zama muddin wuta na ci, raga kaɗai ake ja.

Mai rufaffen gilashi: akasin haka. Gilashin ya zama a kulle, babu tsaga ko kaɗan. In ya tsage ko an cire shi, ba a kunnawa. Zagaya waje ka duba bakin bututun a jikin bango, ka kawar da dusar ƙanƙara da ganyaye.

Marar bututu: buɗe ƙofar falo zuwa sauran gida, ka ɗan sassauta taga kamar faɗin yatsa biyu.

5. Kunnawa

A nan ne aka fi rikicewa, don hanya uku ce.

Ta farko, mai sauƙi: makunni a bango ko rimot. Ka danna, ka ji "ƙas-ƙas-ƙas", ƙaramar wuta ta kama, sannan babbar ta biyo baya cikin 'yan daƙiƙu. In shiru, fara da batir. Akwai na rimot, akwai kuma na wani ɗan akwati a ƙasan murhun da mutane ke mantawa da shi.

Ta biyu, mai fayilot, wato 'yar ƙaramar wutar da ke ci kullum tana jiran babbar. A ƙasan murhun akwai marfin murɗawa mai rubutu uku, OFF da PILOT da ON, kusa da shi kuma maɓalli ja ko baƙi mai tartsatsi.

1. Tabbatar makunnin bango a kashe yake. Duba bawul ɗin bututun gas: in hannunsa ya bi tsawon bututun, a buɗe yake, in ya gicciye, a rufe.
2. Ɗan tura marfin ciki ka murɗa zuwa OFF. Jira minti 5 cur, don duk gas ɗin da ya taru ya watse. Sake shinshinawa.
3. Murɗa zuwa PILOT, ka danna marfin ciki ka riƙe.
4. Da ɗaya hannun, yi ta danna maɓallin tartsatsi, sau ɗaya kowace daƙiƙa, har ka hango 'yar shuɗiyar wuta a bayan gumaguman. In murhun ya daɗe a kashe, iska ta cika bututun, zai ɗan ɗauki lokaci.
5. Kar ka saki marfin. Ci gaba da riƙewa daƙiƙa 30 zuwa 60. Akwai 'yar sandar ƙarfe da wutar ke lasa, sai ta yi zafi take ba bawul izinin zama a buɗe. Gaggawar saki ita ce dalilin mafi yawan "na kunna ta mutu".
6. Saki a hankali. In wutar ta tsaya, murɗa zuwa ON, ka ja baya, sannan ka danna makunni.

In ta mutu, koma OFF, a sake jiran minti 5. Sau biyu ko uku ta ƙi, to bar ta, ka kira mai gyara.

Gargaɗi: hannu kawai ake sa wa marfin nan. In ya ƙi murɗuwa kar ka ɗauko filaya. Kuma kar ka soka masa tsinke ko ka liƙe shi da salatif don ya zauna a danne. 'Yar sandar ƙarfen nan da wutar ke lasa ita ce ke yanke gas idan wuta ta mutu ba ka nan, liƙe marfin kuwa yana hana ta aikinta.

Ta uku, tsohon yayi, kuma ita ta fi haɗari: babu fayilot, sai wani rami a ƙasa ko a bango da ake zura doguwar makulli. Doka ɗaya ce: wuta kafin gas. Kunna doguwar laita ko doguwar ashana, ka kai ta dab da kan bututun, fuskarka a gefe, sannan ka murɗa makullin kaɗan-kaɗan. In ba ta kama cikin 'yan daƙiƙu ba, rufe ka jira minti 5. Wanda ya fara buɗe gas sannan ya tafi neman ashana, gira da gemu ne ƙaramar asararsa.

6. Tsaya ka karanta wutar

Kar ka kunna ka wuce kicin. Zauna minti 15 zuwa 20 kana kallo. Mai rufaffen gilashi yakan fara da shuɗiyar wuta, gilashin ya yi gumi, daga baya gumin ya bushe wutar ta koma ruwan ɗorawa. Wannan lafiya ne. Sabon murhu kuma yakan yi warin fenti na awa 3 zuwa 4 a kunnawar farko, a buɗe taga har ya gama.

Abin da ba lafiya ba: wuta ta tashi da "bum" bayan jinkiri, ko tana tsalle tana rabuwa da kan bututun, ko kunkunniya ta fara taruwa a gilashi ko bangon da ke saman murhun, ko idanu su fara yaji. Marar bututu bai kamata ya yi baƙi ko ɗis ba. In ya yi, kashe shi.

Shi marar bututun yana da na'urar da ke kashe shi da kanta idan iskar shaƙa ta ɗakin ta sauka daga kusan kashi 21 cikin 100 zuwa kusan 18. In ya mutu da kansa, kar ka yi ta sake kunnawa kana mita. Ɗakin ne ya ƙure, buɗe taga. Kuma wannan na'urar ba ta auna kabon monoksayid, ba ta maye gurbin ƙararrawa.

7. Yayin da take ci

Gilashin gaba yana wuce digiri 200 a ma'aunin Salsiyos cikin 'yan mintuna. Yaro mai rarrafe yana ganin wuta tana rawa, ya miƙe ya dafa da tafin hannu biyu, kuma bai san ya janye da sauri ba. Saboda yawan irin wannan ƙuna ne, tun 1 ga Janairun 2015 sababbin murhu masu gilashi a Amurka da Kanada suke zuwa da ragar kariya. In naka ya girmi haka, ko wanda ya riga ka zama a gidan ya cire ragar, nemi wadda ta dace da lambar samfurinka, ka ƙara da shingen yara mai zagaye murhun. Rimot kuma a ajiye shi sama. Makunnin bango akwai murfin da ake sa masa.

Sai namu halayen, waɗanda littafin Bature bai san da su ba. Hajiya, don Allah kar a barbaɗa turaren wuta a kan gumaguman. Ba garwashi ba ne, ƙaron turaren zai narke ya toshe ramukan wutar. Ko kaskon turare da humra da feshin ɗaki, in murhun marar bututu ne, wutar tana zuƙe ƙamshin ta ƙona shi ta dawo da wani wari mai hawa kai. A yi turare bayan an kashe. Ba a gasa masara ko nama a kai, ba a jefa takarda, ba a shanya kayan yara ko safa a gabansa. Mayafi da hijabi da hannun babbar riga su ma a kula da su wajen wucewa, musamman yadin roba, wanda ke narkewa ya manne a fata.

Marar bututu na ɗan lokaci ne, awa biyu zuwa huɗu a huta. Yana kuma zuba danshi: duk BTU 100,000 da ya ƙona yana sakin ruwa kusan galan guda a iska. In ka ga tagogi suna zubar da ruwa, ya isa haka.

Ba a barci a bar shi, ba a fita a bar shi. Ko zuwa masallaci ne.

8. Kashewa

Danna makunni ko rimot, ka tsaya ka ga babbar wutar ta mutu. Mai makulli, murɗa har ya tsaya, ka zare makullin ka ɓoye. Gilashi yana kai minti 45 kafin ya huce, kuma a lokacin ne yara suka fi ƙonewa, don manya sun ga babu wuta sun saki jiki. In fayilot na ci, ba a rufe murfin bututun sama ruf.

9. In ka ji wari, ko ƙararrawa ta yi kuka

Warin gas: kar ka taɓa makunnin lantarki, ko kunnawa ko kashewa. Kar ka yi waya a ciki, kar ka tayar da mota a gareji. Fitar da kowa, a bar ƙofa a buɗe, daga waje ka kira 911, lambar gaggawa ta Amurka da Kanada, ko kamfanin gas. A Birtaniya lambar gaggawar gas ita ce 0800 111 999.

Ƙararrawar kabon monoksayid: a fita nan take, a ƙirga kai, a kira 911, ko 999 a Birtaniya idan wani ya jigata. Kar ka cire batir ka ce ta cika ƙara. Alamominta a jiki su ne ciwon kai, jiri, kasala, tashin zuciya, rikicewa. Takan yi kama da mura, sai dai babu zazzaɓi. In mutanen gida sun kamu a tare, kuma suna jin sauƙi da sun fita waje, kar a sha farasitamol a kwanta. Asibiti za a tafi, a faɗa musu akwai murhun gas a gidan. Mai ciki da jariri da tsoho mai ciwon zuciya su aka fi ji wa.

10. In an ɗauke wuta

A can ma ana ɗaukewa. A guguwar sanyin Texas ta Fabrairun 2021 miliyoyin gidaje sun kwana cikin duhu, kuma mutane da yawa sun shaƙi iska mai guba saboda shigo da gawayi da janareta cikin gida. Murhu mai fayilot yana ci ba tare da lantarki ba, fankarsa ce kawai ba za ta juya ba. Mai tartsatsin lantarki galibi yana da gurbin batir a ƙasa, nemo shi tun yau ka ajiye batir a kusa. Dokokin ba sa canjawa don an shiga matsi: ba a rufe murfin bututu don tare zafi.

11. Kuɗi da tsafta

Lissafin ba wuya. Takardar kuɗin gas a Amurka da "therm" take aunawa, kowane ɗaya BTU 100,000 ne. Murhu mai BTU 30,000 yana shan 0.3 a awa. Ninka da farashin da ke takardarka. Mai buɗaɗɗen gaba yakan kai 60,000 ko fiye, ga shi zafin na fita ta rufi, don haka na kallo ne, ba na rage kuɗin hita ba. Galan ɗin furofen kusan BTU 91,500 ne. Fayilot kaɗai yakan sha therm 4 zuwa 7 a wata, shi ya sa wasu ke kashe shi da bazara. Amma a sani, gizo-gizo na son yin saƙa a cikin bututun fayilot da ya daɗe a kashe, kuma ita ce ke hana shi kamawa daga baya.

Abin da za ka iya yi da kanka kaɗan ne, kuma sai murhun ya huce sarai, gas a rufe. Zuƙe ƙura da gashin kafet daga ƙasan murhun. Goge gumaguman da busasshen buroshi mai laushi, ba a wanke su da ruwa. Farin hazon da ke fitowa a cikin gilashi a goge shi da wuri, sau ɗaya ko biyu a shekara, don in ya daɗe yana cin gilashin ya ƙi fita. Akwai man gogewa na musamman na gilashin murhun gas, bai fi dala 10 zuwa 15 ba. Kar a sa ruwan goge taga mai amoniya, kar a kankare da reza ko soson ƙarfe. Idan ka mayar da gilashin, ƙirga maƙallan da ka ɓalle ka tabbatar duk sun koma sun kama, ka kuma mayar da ragar kafin ka buɗe gas.